So Da Tsoro A Littattafan Soyayya Na Zamanin Soja

Akwai wata ƙara da aka daɗe da shigarwa a kan marubutan littattafan soyayya na Kano, har yau kuwa ba a tashi daga zaman shari'ar ba. Masu ƙara suna cewa a lokacin da ƙasar nan take cikin halin ni-'yasu, soja na hawa soja na sauka, talaka na kwana da yunwa, waɗannan samari da 'yan mata ba su ga abin ɗaukar alƙalami a kansa ba sai zancen saurayi da budurwa. Masu kare su kuma sukan ba da amsa a taƙaice, su ce ai so ya fi tsoro ƙarfi, duk wanda ya iya rubuta so a zamanin tsoro ya yi tasa jaruntakar. Amsar nan tana da daɗi a kunne, na kuwa sha jin ta a bakin 'yan'uwa ɗalibai wajen muhawara. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya ɗora ta a kan sikeli ba. Abin da nake nufin yi ke nan a wannan ɗan sharhi, watau in auna ta da littattafai biyu waɗanda kusan kowa a cikinmu ya karanta ko ya ji labarinsu: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Duka biyun a zamanin mulkin Janar Babangida suka fito.

Kafin mu buɗe su, ya kamata mu tuna irin tsoron da ake magana a kai, don kada ƙananan cikinmu su zaci ƙarin gishiri ne. A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a birnin Kano. A Yuli na 1981 'yan tarzoma suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa, a gidansa. Ranar ƙarshe ta 1983 soja suka kawar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, a 1984 kuma aka kafa Doka ta 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, saboda labarin da suka buga. A Mayu na 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Oktoba na wannan shekara kuwa aka aika wa Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bom a cikin ƙunshin wasiƙa har gidansa a Ikko. Wanda ya tashi yana jin irin waɗannan labarai ba sai an koya masa kame baki ba.

A wannan tsakani ne littattafan suka ɓullo. Yaran da aka zuba a firamare suna 'yan shekara shida a 1976, lokacin shirin ilmi kyauta na UPE, su ne suka kai shekara 14 a 1984, shekarar da masu nazari kan fara lissafi daga gare ta saboda Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed. Sun iya karatun Hausar boko, amma ba su da abin karantawa sai su Magana Jari Ce da suka riga suka sha a aji. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Sai matasan suka koma ga ƙananan maɗaba'u, kowa ya tara 'yan kuɗinsa ya buga nasa, ya kai kasuwa da ƙafarsa. Ƙungiyar da su Ado Ahmad da Balaraba da Ɗan'azumi Baba suka yi fice a cikinta sunanta Raina Kama, kowa kuwa ya san ƙarshen karin maganar.

Masu ƙara fa ba su rasa hujja ba. Gabanin wannan guguwa an ga alamar ƙagaggen labarin Hausa zai dubi masu mulki ido da ido. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, duka na 1982, sun taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci da ɓarnar da yaƙin basasa ya bari a zukatan mutane. Ga kuma gadon su Malam Sa'adu Zungur da mawaƙan NEPU, waɗanda suka faɗa wa masu sarauta magana tsirararta. Wanda ya tashi da wannan, sa'an nan ya waiwaya ya ga kasuwa cike da littattafan saurayi da budurwa, dole ya ga kamar an ci baya. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta gwabzawa a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako a ƙarshen shekarun 1990. Ba zan maimaita wannan muhawara a nan ba.

Abin da na ga masu ƙara sun tsallake shi ne, tsoron da ke kan titi da wanda ke tsakar gida uwa ɗaya ta haife su. Shirin da ya karya naira shi ne ya bar saurayi mai takardar sakandare ba aikin yi, ya sa lefe da sadaki suka fi ƙarfinsa, alhali ɗan kwangila da mai canjin kuɗi suna sauya mota. Uban da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, in Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidansa, da wane baki zai ce 'yarsa tana da wanda take so? Yarinyar da aka wayi gari aka ce mata an ba da ita, ba a tambaye ta ba, ta san ma'anar dokar soja tun kafin ta ji an karanta wata a rediyo. Marubutan nan ba su ambaci barikin Dodan ba, gaskiya ne. Sun rubuta mulkin da suka fi sani, wanda ake yi da sa albarka da barazanar ɗaga nono. To, amma wannan ya nuna mana cewa sun yi rubutu a kan tsoro ne kurum. Bai nuna so ya kayar da shi ba tukuna.

Don a gane wanda ya yi kaye, sai da ma'auni, Hausa kuwa ta ba mu shi a cikin maganarmu ta yau da kullum. Bahaushe yakan ce ina jin tsoron wane, yakan kuma ce ina jiye wa wane tsoro. Kalma ɗaya ce, amma fuskarta ta juya. A na farko kaina nake karewa, a na biyu kuwa wani nake karewa, ko da kaina zai shiga uku. Uwar da ta faɗa ɗakin da ke cin wuta don ta ɗauko jaririnta ba ta daina tsoron wuta ba, jiyewa ce ta rinjayi jin tsoro. A nawa ganin iyakar abin da so yake iya yi ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Mai mulkin danniya ya san haka sarai. George Orwell, marubuci ɗan Ingila, ya nuna wannan a littafinsa mai suna 1984, wanda ya fito a 1949. Hukuma ta kama masoya biyu, Winston da Julia, ta azabtar da Winston har ya amsa laifin da ya yi da wanda bai yi ba, duk da haka ba ta gamsu ba, domin har yanzu yana jiye wa Julia. Sai da aka kai shi ɗaki mai lamba 101, aka kusanto fuskarsa da keji mai ɓeraye, ya roƙa a yi wa Julia a ƙyale shi, sa'an nan aka sake shi, don an san babu sauran abin tsoro a tare da shi. Ga ma'auninmu ke nan: in wuya ta kai wuya, wa tauraron labari yake jiye wa, kuma wa yake biyan kuɗin jiyewar?

Mu fara da In Da So Da Ƙauna. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad ɗan talakawa ne. Abin da ya fara burge ni shi ne tsoron farko a littafin na namijin ne. Muhammad ya san matsayinsa, ya san yadda irin wannan nema kan ƙare, saboda haka ya yi ta ja da baya, yarinyar ce ta dage. Wannan lura ce ta wanda ya zauna da samarin lokacin ya san ciwonsu, domin talauci kan koya wa mutum ya hana kansa abu tun kafin a hana shi. Sai ga Abdulƙadir, matashin ɗan kasuwa mai kuɗi, wanda da ya ga yarinya ba ta yi da shi sai ya bi ta hannun kakarta da alheri. Mai karatu ya lura da wannan dabara. Abdulƙadir bai tsaya neman yardar wadda zai aura ba, ya tafi kai tsaye wurin da iko yake, kamar yadda ɗan kwangila ba ya ɓata lokaci wajen mutanen ƙauyen da za a yi wa hanya. Tsohuwa kuwa a gidan Bahaushe ba ta da bindiga, bakinta ya ishe ta, domin ɗan da ya haifi 'yar shi ma ɗa ne a gabanta. Tsoro ke nan hawa-hawa: yarinya na tsoron uba, uba na tsoron uwarsa, ita kuma tsohuwar idonta na kan abin hannun mai kuɗi. Ado Ahmad ya gina wannan tsani da kyau, ya kuma iya hirar masoya irin wadda matasa suka ji kamar daga bakinsu aka ɗauko. Ba banza ba littafin ya karɓu har aka mai da shi fim.

Inda nake da ja shi ne yadda aka warware ƙullin. Da aka matsa wa Sumayya, sai ta faɗa rijiya. An ceto ta, daga nan kuma al'amari ya fara juyawa har masoya suka kai ga aure. Masu cewa so ya fi tsoro ƙarfi a nan sukan kafa tutarsu, su ce ga yarinya ta raina mutuwa saboda so. Ni ban ga haka ba. Wadda ta faɗa rijiya wa take jiye wa? Ba Muhammad ba, domin da ta mutu da shi aka bari da baƙin ciki har abada. Ba iyayenta ba. Tsoron zama da wanda ba ta so ne ya fi ƙarfin tsoron mutuwa, watau tsoro ne ya kori tsoro. In akwai wurin da so ya yi aiki a wannan babi, to a zuciyar iyaye ne, waɗanda sai da suka ga 'yarsu a bakin kabari sa'an nan jiye mata ya rinjayi tsoron tsohuwa da na bakin duniya. Abin takaici ne a ce sai yarinya ta kai kanta ga halaka kafin a ji muryarta, littafin kuwa bai tsaya ya yi takaicin yadda ya kamata ba, yana gaggawar kai mu wajen biki.

Sa'an nan ga batun Abdulƙadir, wanda a ƙarshe aka kama da fataucin miyagun ƙwayoyi. Wanda bai san zamanin ba zai ɗauka laifi ne kawai marubuci ya zaɓa cikin laifuffuka. A Afrilu na 1985 an harbe mutum uku a Ikko saboda hodar iblis a ƙarƙashin Doka ta 20, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Saboda haka ɗora wa mutum wannan laifi a wancan lokaci daidai yake da miƙa shi ga doka mafi ban tsoro da soja suka kafa. Littafin da ya fara da ƙalubalantar iko a tsakar gida ya ƙare da aron sandar hukuma don ya rama wa masoya. Har ila yau akwai tambayar da ta fi wannan damuna. In da Abdulƙadir mutumin kirki ne, mai salla, mai kuɗin halal, shin ƙin da Sumayya ta yi masa ya zama laifi ke nan? Da marubucin ya amince cewa a'a ɗin yarinya ta isa hujja, da bai bukaci ya mai da abokin takara mai laifi ba. Ina jin shi ma yana da nasa tsoron, watau tsoron masu karatu da iyayensu, waɗanda ba za su yafe wa yarinya bijirewa ba sai an nuna musu cewa da ta bi umarni da ta faɗa hannun ɓarawo.

Iyayen kuwa ba su yafe ba duk da haka. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa irin waɗannan a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Abu ne mai sauƙi mu ce masu ƙonawa maƙiya so ne, amma in ka tambaye su cewa za su yi 'ya'yansu mata suke jiye wa. Ita ma kakar Sumayya haka za ta ce, jikarta take nema wa hutu. Kowane soja da ya yi juyin mulki a ƙasar nan da kishin ƙasa ya buɗe jawabinsa na asuba. Ashe jiyewa ma tana da ta gaske da ta bogi, shi ya sa na ce ma'aunin yana da kashi na biyu, watau wa ya biya. Kaka ta jiye, Sumayya ta biya. Wanda ya ƙona littafi ya jiye, marubucin da ya ci bashi ya buga shi ne ya biya.

Da wannan za mu shiga Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, wanda Malam Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Marubuciyar ƙanwar Janar Murtala Muhammed ce, wanda aka harbe a kan titin Ikko ranar 13 ga Fabrairu, 1976. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, auren ya mutu, sai daga baya ta koma karatu a ajin yaƙi da jahilci na manya. Ta ɗanɗani tsoron titi da na tsakar gida duka biyu, da ta tashi rubutu kuwa na tsakar gida ta zaɓa. Wannan kaɗai ya isa ya sa masu ƙara su ɗan sassauta murya.

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rumfa, 'ya'yansu tara. Mutum ne mai ƙoro a gida, mai sakin hannu a waje. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta ita da 'ya'yanta. A littafin nan babu wasiƙar masoya da za ta ceci kowa. Akwai dai soyayyar Saudatu, 'yar Rabi, da Alhaji Abubakar wanda ya aure ta, kuma a ganina nan ne littafin ya fi rauni, domin an sake kawo mai kuɗi na kirki ya share hawayen da mai kuɗi mugu ya jawo, sai ka ce maganin Alhaji sai Alhaji. Amma ƙashin bayan labarin Rabi ce da tukunyarta. Mace mai 'ya'ya tara, ba miji, a shekarun da kwanon shinkafa yake tashi kowane wata, tana da abin tsoro ta kowace fuska: yunwa, kuɗin makaranta, da sunan bazawara wanda ke bin mace har cikin gidan biki. Ta kama sayar da abinci. Balaraba ba ta sa mata jawabin jarunta a baki ba, ta dai bar mu muna ƙirga kwabo tare da ita, muna ganin yadda ake raba abin da bai isa ba. Wanda ya ce wannan ba siyasa ba ce, bai taɓa zuwa cefane a zamanin SAP ba.

In muka ɗora Rabi a ma'aunin nan, sai mu ga ta cika shi ta kowane ɓangare. Tsoronta bai gushe ba, ya dai koma kan 'ya'yanta, ita ce kuma take biya da guminta da barcinta da mutuncinta a idon masu tsegumi. Hausa ta bambanta so da ƙauna, ko da yake mukan gwama su. So yakan zo da zafi, yana neman a biya masa bukata. Ƙauna kuwa ita ce mai tashi da asuba ta hura wuta. Littafin Ado Ahmad ne ya ɗauki kalmomin biyu a bangonsa, amma ƙaunar a littafin Balaraba na same ta.

Saura ƙarshen labarin, wanda na san ya ɓata wa mata da yawa rai. Gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, arziki ya tafi, zamansa da Delu ya watse, ya dawo ba shi da ko anini. Nan ma hannun marubuciya ya fito fili, kamar yadda na Ado Ahmad ya fito a kamun Abdulƙadir, sunan littafin ma ya riga ya yi mana alkawarin haka tun daga bango. Bambancin shi ne abin da hukuncin ya haifar. Kamun Abdulƙadir ya wanke masoya ya bar su cikin jin daɗi. Gobarar Alhaji Abdu kuwa sabon kaya ta ɗora wa Rabi, domin da ya tsiyace sai dangi da manya suka taru a kanta, a yi haƙuri, a dubi 'ya'ya, uban yara ne. Mutanen da ba su iya tanƙwara shi ba ran da ya kore ta, su ne suka iya tanƙwara ta ran da ya bukace ta. Ta koma. Ban karanta komawar nan a matsayin so ba, Balaraba ma ba ta yi mana ƙaryar cewa zuciyar Rabi ta narke ba. Akwai tsoron bakin mutane a ciki, akwai jiye wa 'ya'yan da za su yi aure su zauna da surukai a garin da ake tambayar asalin gida, kuma ba a iya zare ɗaya daga ɗaya. Ta koma ita ce mai riƙe da gida, tukunyar da ta kafa don 'ya'ya tara yanzu har da mutumin da ya kore su take ciyarwa.